Ruwan Inna Tarana

Garo, Ƙaramar Hukumar Kabo
12 ga Fabrairu

Zuwa ga Yayana Barau,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Rahila da yara, da sanyin Mambila da kake ta ba mu labarinsa kamar kai ka ƙirƙiro shi. Mu nan lafiya lau. Maigidana Malam Dalhatu yana gaishe ka. Shi ya ce in rubuta Fasto Istifanus a bayan ambulan, kada mutanen cocinka su ce ba su san wani Barau ba. Na rubuta. Amma a cikin takarda kai Barau ne, kamar yadda ni ma a bakin Baba har gobe Kande ce, ko da yake shekara goma sha huɗu ke nan da na musulunta ina amsa Sauda.

Na gaji da kiran wayarka ba ta shiga. Ka ce sai ka hau dutse kake samun sabis, ni kuma abin da ke bakina ba na minti biyu ba ne kana haki. Shi ya sa na ba Maikuɗi direba wannan, tunda yana hawowa wajenku ɗaukar shanu duk bayan mako uku.

Maganar Baba ce. Kada gabanka ya faɗi, yana kan ƙafafunsa, yana cin tuwonsa. Ranar Talata na je gida. Kafin in shiga na zaga gindin tsamiya in ga kabarin Inna, sai na tarar da shi a jiƙe, har ciyawa ta tsiro a kai kore shar. A watan nan, da ko tunkiya ba ta samun abin tsinka. Uwaliya matar Jatau maƙwabcinmu, wadda ke dafa wa Baba abinci, ita ta ja ni gefe. Ta ce tun bayan Kirsimeti kullum da safe Baba ke zuwa rijiya da kansa, ya ja ruwa, ya cika tulu, ya kai kan kabarin ya juye. In ta ce ya kawo ta ɗauka masa sai ya yi mata tsawa.

Na same shi yana tufka igiya. Na ce, "Baba, me kake shukawa a kan Inna?"

Ya ce, "Ba shuka nake ba, Kande. Ƙishirwa take ji."

Na ce wa ya faɗa masa. Ya ce kai.

Ka tuna da ka zo Kirsimeti aka ba ka wa'azi a cocin ƙauyenmu, Baba ya sa sabuwar taguwarsa ya je ya zauna a bencin baya? Mutumin da tunda yake bai taɓa taka coci ko masallaci ba, ya je don kawai ya ga ɗansa a tsaye gaban jama'a. To ashe ba kallo kaɗai ya yi ba. Ya kwashe labarin da ka bayar kaf, na attajirin nan da ya mutu ya farka a cikin wuta, yana roƙon a tsoma ɗan yatsa a ruwa a ɗiga masa a harshe. Ya kuma ji ka ce duk wanda ya mutu bai ba da gaskiya ba can za shi, kuma babu ranar fita. Ya dawo gida ya yi tunaninsa shi kaɗai. Inna ta mutu shekara shida da suka wuce, Bamagujiya kamar yadda aka haife ta.

Na ce masa ƙila ba haka kake nufi ba. Ya ce, "Barau bai taɓa yi mini ƙarya ba. Tun yana yaro, ko kaza ya jefa ya karya mata ƙafa, shi zai zo ya faɗa."

Yaya, mu ma muna da wuta a addininmu, ba sai na gaya maka ba. Ni da Malam mun sha yi wa Baba maganar musulunta, ya ce a bar shi da tsafin ubansa. Amma ban taɓa nuna masa wani kabari na ce ga mai ƙonewa ba. Tsoho ne ɗan shekara kusan tamanin, kuma bakin rijiyar nan santsi gare shi. Ka rubuto masa abin da zai kwantar masa da hankali, in karanta masa. Maganarka kaɗai yake ji.

Ki gaida Rahila na so in ce, ka ga har na fara rikicewa. Ka gaishe ta.

Ƙanwarka,
Sauda

*

Bayan Gembu, Mambila
4 ga Maris

Ƙanwata Kande,

Ina gaishe ki da gaisuwar ƙauna, ke da Malam da yara. Takardarki ta same mu lafiya, sai mura da ta kama ƙaramar, ita ma da sauƙi. Rahila ta ce ta gode da ƙuli-ƙulin, amma ta lura Maikuɗi ya rage masa hanya.

Na karanta takardar sau uku. Ba zan ɓoye miki ba, na yi kuka, na kuma yi godiya ga Allah. Shekara ashirin ina yi wa Baba magana yana dariya yana ce mini sarkin surutu. Wannan ne karo na farko da wata kalma ta shige shi ta zauna.

Kin ce in kwantar masa da hankali. Da me, Kande? Ke kika fi kowa sanin abin da ya sa yake jin maganata. In na yi masa ƙarya yau don ya ji sanyi, na kashe abu ɗaya da nake da shi a wurinsa. Ni ban ɗauki wutar nan a matsayin abin tsorata yara ba. Tana nan kamar yadda rijiyar gidanmu take nan. Duk ranar da na tsaya yin wa'azi a kanta, fuskar Baba nake gani. Mutum ya ƙone yatsa a murhu ya yini yana yarfa hannu, ina ga wadda ba ta mutuwa, ba ta da gobe, ba ta da jibi? Ban ambaci sunan Inna a wa'azin nan ba. Amma Littafin bai nuna mini wata ƙofa dabam da aka ware mata ba, kuma wannan ciwo ne da nake ɗauke da shi ni kaɗai tun ranar da aka binne ta.

Ga abin da za ki karanta masa. Ki karanta yadda na rubuta. Na san halinki, tun muna yara ke ce mai zuba wa maɗaci zuma.

Baba, ɗanka Barau ne ke gaishe ka. Na ji kana wahalar da kanka kana kai ruwa kan kabari. Ka daina, Baba. Labarin da ka ji bai ƙare a nan ba. Attajirin ya roƙi ruwan, amma ba a ba shi ba. An ce masa akwai wani rami mai girma a tsakani, wanda ba ya ƙetaruwa. Abin da aka zuba daga nan ba ya isa can, ko da za ka juye rijiyar gaba ɗaya. Wanda ya riga ya tafi an rufe tasa ƙofar. Taka ce a buɗe. Ka je wurin Fasto Ayuba na cocin ƙauyenmu, ka ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, a yi maka baftisma, ka tsira. Ina roƙonka da girman Allah kada ka bar ni in rayu da sanin inda ka tafi.

Iyakar saƙon ke nan. Zai ji zafi, na sani. Amma mutumin da gobara ta taso wa ba lallashinsa ake yi ba, fizgo shi ake yi. In ya gane ruwan ba ya kai wa, zai ajiye tulun, ya fara tunanin kansa. Ke ma ina yi miki addu'a kullum, kin sani, ba sai mun sake wancan faɗan ba.

Ruwa ya fara sauka a nan, hanya ta fara lalacewa. Ki ba ni labari da dawowar Maikuɗi.

Yayanki,
Istifanus

*

Garo
27 ga Maris

Yaya Barau,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Mu mun shiga azumi, yau kwana biyar, ga zafi kamar an kifa mana tukunya. Yara lafiya. Malam yana gaishe ka.

Kwana biyu takardarka ta yi a ƙarƙashin filona ina shawara da kaina. Na so in tsallake wani wuri. Sai na tuna Baba zai iya kai wa wani ya sake karanta masa, ya kama ni da ƙarya. Na je na karanta masa tiryan-tiryan, yadda ka ce.

Bai katse ni ba. Da na gama ya ce in koma wajen ramin. Na koma. Ya ce in ƙara. Sau uku na karanta masa wurin nan. Sannan ya ce, "Ashe duk wanda na zuba ƙasa ce ta shanye."

Na ce haka Yaya ya ce.

Ya ce, "Daga nan ne ba ya isa. To wanda za shi can da ƙafarsa fa, yana iya riƙewa a hannu?"

Na ce ban sani ba, Baba, ba a rubuta wannan ba. Ya ce to, ya gode, in gaishe ka.

Washegari bai je kabari ba. Uwaliya ta aiko mini da albishir, har na ce a raina ashe Yaya ya fi ni sanin tsohon nan. Na yi saurin murna.

Ranar kasuwa ya sa Jatau ya kai shi Gwarzo a babur. Ya zaga wajen masu tukwane ya zaɓi ɗan tulu, irin mai siririn wuya da Inna ke ɗauka, ya ƙwanƙwasa shi ya saurara, ya sa aka zuba ruwa ya ga ba ya yoyo. Yanzu yana ɗakinsa a gefen gado. Kullum da safe sai ya zubar da na jiya ya cika shi da sabo, ya rufe bakin da faifai. Ba ya sha daga ciki, ba ya bari kowa ya taɓa.

Jan zakaran nan da yake ajiye wa Kure, iskan da yake yi wa tsafi, wanda ba a yankawa sai gab da shuka, ya yanka shi makon jiya a gindin tsafi. Uwaliya ta ji yana cewa sallama ya zo yi. Awakinsa huɗu ya raba, ya aiko mini da biyu, biyu ya ce naka ne. Garmarsa ya ba Jatau. Kowa ya fara sharar gona, shi ko leƙa tasa bai yi ba. Baba Ranau, wanda ke rigan kowa fita, ana yi masa tsiya cewa da gona aka ɗaura masa aure.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne zaman rana. Ka san falalen dutsen nan na bayan gida inda ake shanya barkono. In rana ta take tsaka, lokacin da ko kare ke neman inuwa, sai ya cire riga ya je ya zauna a kai. Jiya na same shi a can, fatar bayansa har ta fara saɓulewa. Na ce, "Baba, me ke nan?"

Ya ce, "Ina sabawa ne."

Ruwan da yake sha a yini bai wuce cikin tafin hannu biyu ba. Ya ce wanda zai kai wa wani ruwa a wuri mai zafi dole ya koyi riƙe ƙishirwarsa, in ba haka ba zai shanye a hanya. Ni da nake azumi na san yadda maƙogwaro ke yi kafin la'asar, amma ni ina da magariba. Shi ba ya jiran kiran sallar kowa.

Ka ce zai fara tunanin kansa. Ya fara shirin tafiya ne, Yaya. Ka yarda da wutar nan, shi ma ya yarda da ita, har ina ganin ya fi ka, don kai gudunta kake yi. Ka rubuto da gaggawa, ko ka taho da kanka.

Sauda

*

Garo
23 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa. Mun yi salla lafiya, in za a kira wannan lafiya.

Maikuɗi ya dawo hannu rabbana. Ya ce bai gan ka a tasha ba, ya bar takardata a shagon da kuka saba. Wayarka kuwa kamar an jefa ta rijiya. Na yi ta juya abin a raina. Ko ka ji haushi ne don na ce Baba ya fi ka yarda? Ko ka faɗi gaskiyarka ka wanke hannu, saura ya rage namu? In haka ne ka faɗa mini in sani. Ni ce nake wanke masa baya, kai kana can cikin sanyi.

Kwana tara da suka wuce ya faɗi a kan dutsen. Jatau ya ɗauko shi, muka kai shi asibiti a Gwarzo, aka sa masa ƙarin ruwa. Da ya farfaɗo ya ga leda a rataye, ya tambayi mene ne, aka ce ruwa ne, sai ya fizge allurar. Sau biyu yana yi. Likita ya ce ƙodarsa ta taɓu, in bai sha ruwa ba babu abin da za su iya. Baba ya ce a mayar da shi gida, ya bar tulunsa ba mai canja masa ruwa. Mun dawo da shi.

Ka san abin da na yi? Ni Sauda, da hijabina, da bakin azumi, na taka har gidan Fasto Ayuba na roƙe shi ya zo ya yi wa ubana baftisma. Mata suna leƙe ta katanga. Ban damu ba. Na ce in wannan ne zai sa ya sha ruwa, a yi, ni da Allah mu ƙarasa maganar daga baya.

Mutumin kirki ne, ya zo da la'asar da ɗan kwanonsa. Ya ce tunda Baba ba zai iya zuwa rafi ba, ko a ka aka zuba ya wadatar, in dai ya ba da gaskiya. Ya zauna a ƙasa ya yi masa magana a hankali. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "In na karɓa, ina za ni?"

Fasto ya ce wurin hutawa, inda babu ƙishirwa.

"Tarana fa?"

Fasto ya ce Allah ne masani. Baba ya ce, "Kai ba ka sani ba. Ɗana ya sani, ya rubuto." Ya nuna gefen gado ya ce, "Ruwan nan da za ka zuba mini a ka, juye shi a tulu."

Malam Dalhatu ma ya gwada tasa washegari, ya yi masa bayanin kalmar shahada da rahamar Allah. Baba ya yi masa tambaya iri ɗaya, ya samu amsa iri ɗaya. Ya ce, "Kai da Barau hanyarku ba ɗaya ba ce, amma kowa so yake in bi shi in bar ta a baya."

Da suka fita na fashe da kuka. Na ce Baba, kana da 'ya'ya, kana da jikoki, don me za ka yi mana haka? Ya ce, "Kande, shekara arba'in da ɗaya uwarku tana kai mini ruwa gona. Da cikinki ta kai, da goyon Barau ta kai. Ranar da ƙaya ta huda mata ƙafa da sanda ta zo. Ban taɓa ɗaga kai da rana tsaka na rasa ta a kan hanya ba. Yanzu shekara shida tana ɗaga kai."

In kai kana da abin faɗa masa, ka aiko. Ƙafafunsa sun fara kumbura.

Sauda

*

Bayan Gembu
8 ga Mayu

Kande,

Ina gaishe ki. Ki yafe mini. Ba fushi na yi ba. Ranar da na sauko karɓar takardarki babur ya zame da mu a laka, ƙafata ta karye a cinya, wayar ta faɗa ruwa. Mako biyar ina kwance a gidan mai ɗori a wani ƙauye. Jiya Rahila ta kawo mini takardunki biyu a haɗe. Na karanta ta biyun kafin ta farko, na ji kamar an sake karya ƙafar.

Ba zan ce miki na daina gaskata wutar ba. Da na iya da na huta. Tana nan. Na tura ubana in kawar da shi daga bakinta, ashe wajenta na tura shi.

Amma kwanciyar nan ta sa na ga inda na yi kuskure. Ba na nan lokacin da Inna ta cika, ina makaranta. Ban san abin da ya wuce tsakaninta da Mahaliccinta a kwanakin nan da ta yi ba ta magana ba. A cikin Littafin namu akwai ɓarawon da aka karɓa a numfashinsa na ƙarshe, ba wanda ya yi masa baftisma. An ba ni aikin gargaɗin masu rai. Ba a ba ni mabuɗin ba, ba a nuna mini sunayen waɗanda ke ciki ba. Na yi magana kamar na leƙa na gani.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ba ni tsoro. In Allah ya yi wa Inna jinƙai, Baba kuma ya ƙi ceto da gangan don ya bi ta, zai je ya tarar ba ta can, kuma babu dawowa. Ki karanta masa wannan:

Baba, Barau ne. Ka ce ban taɓa yi maka ƙarya ba. To ga gaskiya: ban san inda Inna take ba. Na faɗi abin da ya fi ƙarfin sanina. Mai yiwuwa tana wurin hutawa tana jiranka, kai kuma kana shirin zuwa inda ba ta. Kada ka tafi neman ta a wuta, Baba. Ka sha ruwa. Ka jira ni, mai ɗori ya ce nan da mako uku zan iya hawa mota. In na zo mu zauna, ka tambaye ni duk abin da kake so, abin da ban sani ba in ce ban sani ba.

Na roƙi Maikuɗi kada ya tsaya ko'ina. Kande, ki riƙe mini shi.

Barau

*

Garo
19 ga Mayu

Yayana,

Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da ƙafa. Ka yafe mini zargin da na yi maka. Ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa, ka kira Rahila ta zauna kusa da kai.

Baba ya rasu ranar Litinin da hantsi.

Takardarka ta same shi da rai. Maikuɗi ya cika alkawari, ranar Asabar ya kawo ta har ƙofar gida bai ko sauke shanu ba. Lokacin Baba ya kwana huɗu ba ya tashi, amma hankalinsa garau. Na durƙusa na karanta masa a kunne. Da na zo inda ka ce ba ka sani ba, sai ya yi murmushi, ya ce, "Sarkin surutu." Ya tambayi ƙafarka, wace ce, kuma wa ke ɗorin.

Na ce, "Baba, ka ji dai. Ƙila Inna ba ta can."

Ya lumshe ido, har na zaci barci ya ɗauke shi. Sannan ya ce, "In ba ta can, na ji daɗi. Amma ubana fa? Uwata fa, da yayyena uku? Duk a kan tsafi suka mutu. Ai ba za a rasa mai ƙishirwa ba."

Na ce Yaya ya ce ka sha ruwa ka jira shi. Ya ce to, tunda kai ka roƙa. Ya karɓi moɗa ya yi kurɓi uku. Wannan ne na ƙarshe, jikin ya riga ya daina karɓa. Na faɗa maka don ka san ya ji maganarka har ƙarshe.

Ranar Lahadi Fasto Ayuba ya dawo, Malam ma yana nan. Ba wanda ya matsa masa, shi ma bai ce komai ba. Abin da ya wuce tsakaninsa da Allah daga nan zuwa safiya, ni ma ban sani ba. Ina riƙe da hannunsa, ɗayan hannun yana kan wuyan tulun.

Ba a kai shi masallaci ba, ba a kai shi coci ba. Tsofaffi uku suka rage masu bin tsafi a yankin nan, Jatau ya ɗauko su a babur ɗaya bayan ɗaya, suka yi masa irin tasu. An haƙa masa a gindin tsamiya kusa da Inna. Da aka zo sa shi, babbansu ya ce marigayi ya bar wasiyya a kan tulu, wa zai cika? Kowa ya sunkuyar da kai. Malam ya dube ni, na san abin da idonsa ke faɗa. Na tashi na je rijiya na ja da hannuna. Na cika shi har wuya, na toshe bakin da ganye na ɗaure da tsumma don kada ƙasa ta shiga. Aka ajiye masa a hannun dama.

Bayan an watse na tambayi Malam addu'ar da zan yi masa. Ya ce a gaskiya ba a nema wa wanda ya mutu a haka gafara, sai dai a bar wa Allah. Na tambayi Fasto Ayuba ko ku kuna da wata. Ya ce ku ba kwa yi wa matattu addu'a, an riga an rufe littafinsu. Mu biyu ya haifa, Yaya. Ya ga kowannenmu ya bar shi ya kama hanyarsa bai hana ba, kai ya sayar da bijiminsa ya kai ka makaranta, ni ya raka ni har gidan Malam. Yau a cikinmu babu mai kalma ɗaya da zai iya aika masa.

Kada ka yi gaggawar tahowa, ka bari ƙafar ta haɗe. Awakinka suna wurina, ɗaya ta haihu.

Jiya na koma gida kwashe kayansa. Zafin bai sauka ba, hadari yana ta haɗuwa yana watsewa. Ciyawar kan kabarin Inna ta bushe ƙurmus, nasa kuma jar ƙasa ce har ta fara tsagewa. Na tsaya ina kallonsu, ban san lokacin da na ɗauki tsohon tulun na nufi rijiya ba. Uwaliya tana tsaye tana kallona.

Na san ka ce daga nan ba ya isa. Na raba biyu na zuba musu.

Ƙanwarka,
Kande